Me ya sa sudo ba ya sake tambayarka kalmar sirri?

Duk mai aiki da Linux ya saba da wannan: ka sa sudo (kalmar da ke ba ka ikon mai kula da kwamfutar) a gaban umarni, a nemi kalmar sirri, ka bayar. Bayan minti biyu ka sake wani umarnin, sai ya wuce salin-alin, ba tambaya. Da yawa suna zaton kwamfutar ta ɓoye kalmar sirrin ne a wani wuri. A'a. Abin da sudo ke ajiyewa shaidar lokaci ce kawai, ɗan fayil a /run/sudo/ts mai nuna cewa wane ya tabbatar da kansa a lokaci kaza.

Ƙa'idar wa'adin wannan shaida ana saita ta ne a /etc/sudoers, fayil ɗin saitunan sudo, da sunan timestamp_timeout. Asalin wa'adin minti 5 ne, amma Debian da Ubuntu, wasu nau'o'in Linux, sun mai da shi 15. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba daga lokacin da ka buga kalmar sirri kaɗai ake ƙirga ba. Duk sanda ka sake kiran sudo kafin wa'adin ya cika, ƙirgar ta koma farko. Mai aiki ba kakkautawa zai iya kwashe sa'o'i ba a sake tambayarsa ba, kuma in ya tashi ya bar allon a buɗe, wanda ya zauna a kujerarsa ya gaji ikon gaba ɗaya. Sauƙin abin dai, kowace tagar umarni da tata shaidar. Ka buɗe sabuwa, sai an tambaye ka.

Ka sa wa'adin 0, kullum sai an tambaya. Ka sa lamba ƙasa da sifili, shaidar ba za ta mutu ba sai an sake kunna na'urar, abin da ban ga dalilinsa ba a babbar kwamfuta (server) da mutane da yawa ke shiga. Gyaran fayil ɗin sudoers kuma da umarnin visudo ake yinsa, domin shi ke duba kuskure kafin ya adana. Waƙafi ɗaya a wurin da bai dace ba na iya kulle ka daga ikon naka.

Kafin ka tashi, sudo -k na soke shaidar nan take, sudo -v kuma na sabunta ta ba tare da an gudanar da komai ba. Shi kansa -k ɗin ya taɓa zama kafar ɓaraka: a 2013 an gano cewa in aka soke shaidar sannan aka mayar da agogon kwamfutar zuwa farkon 1970, sudo kan buɗe ba tare da kalmar sirri ba. An toshe wannan a sigogin da suka biyo baya.