Shirye-shiryen ban tsoro na yara: tambayoyin da na gaji da amsawa

Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, kuma duk taron iyaye da malamai sai an tare ni da zancen nan. Ga amsoshin, don Allah a bar tsayar da ni a bakin get.

Wai wane irin shiri ne?

Kowane kashi da labarinsa, da yaransa, da dodonsa, minti ashirin da 'yan kai an gama. Fitattun su ne Goosebumps, wanda aka yi daga 1995 zuwa 1998 daga littattafan R.L. Stine, da Are You Afraid of the Dark?, wanda tashar talabijin ta yara Nickelodeon ta fara nunawa a 1992. Duk a Kanada aka ɗauke su.

Me yaro zai so a abin da zai firgita shi?

Haba Hajiya! Ke ba ki zauna gaban kaka kina maƙale da zaninta, kina cewa a ƙaro labarin Dodo ba? A shirin Are You Afraid of the Dark? ma, yara ne ke haɗuwa da dare a daji, su hura wuta, ɗaya ya ba da labari. "Ga ta nan ga ta nanku" ce ta Turawa. Kuma yaro ne jarumin, shi ya ga dodon, shi zai san yadda zai yi da shi.

Akwai jini da kisa?

Da wuya. Tsoron na inuwa ne da ƙarar ƙofa.

To ina aibinsu?

Ba su rasa ba. Yau labari mai kyau, gobe shirme, dodon roba wanda ko ɗan yaye ba zai razana ba. Iyaye a ciki kullum sakarkaru ne, yaro na kuka yana faɗa, su suna dariya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙarshen: an kashe dodo, kowa ya huta, sai a daƙiƙar ƙarshe ido ya buɗe a ƙarƙashin gado. Tatsuniyarmu ana rufe ta da ƙurunƙus, kowa ya san an gama. Su kuwa da gangan suke barin ƙofar a buɗe.

Ɗana mai shekara bakwai ya kalla, yanzu ba ya iya zagayawa da dare shi kaɗai. In hana shi gaba ɗaya?

Wannan kam ya danganta. In kwana biyu ne ko uku, yana cin abincinsa yana wasansa da rana, ki kwantar da hankalinki, zai wuce. Ki raka shi da tocila, kada ki ce masa rago, kada kuma ki bar yayyensa su riƙa tsokanarsa in an ɗauke wuta. In kuwa abin ya kai mako biyu yana firgita cikin barci, ko fitsarin kwance ya dawo, a ajiye shirin sai ya ƙara girma, in ya ci gaba a kai shi asibiti. Shekaru ma ba su ne komai ba: a ajina akwai 'yar bakwai da ke dariyar dodo, akwai ɗan goma da ke ɓuya. Abin da nake fara tambaya shi ne, da wa ya kalla? Yawanci sai in ji an kai waya Sabon Gari an loda mata finafinai, an miƙa masa shi kaɗai a ɗaki bayan isha'i. To wa zai kama in ya tsorata? Ku kalla tare da rana, ki nuna masa mutum ne cikin riga, in an gama ki tambaye shi yadda shi zai rufe labarin. Da dare ya yi addu'ar kwanciya. Ban ce zai yi wa kowane yaro ba, amma nawa ya yi musu.

Ba za su koya masa tsafi ba?

A'a. Amma ki fara kallon kashin da kanki, minti ashirin ne.

Wanne zan fara nuna masa?

Wanda kika kalla.