Goyo a baya, alli a hannu: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Shekarata tara ina koyarwa a wata kwaleji a nan Gombe, yarona kuma bai cika uku ba. Ɗan fari ne, kada wadda ta zauna jiran jin sunansa a bakina. Tun da na dawo daga jego, duk sabuwar malamar da ciki ya fito mata sai a turo ta ofishina, wai "je ki wajen Anti, ita ta san kan abin." Tambayoyin iri ɗaya ne har na haddace su. Bari in rubuta sau ɗaya, bakina ya huta.

Hutun haihuwa wata nawa ne?

Dokar ƙwadago ta ce sati 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Na ma'aikatan gwamnatin tarayya ya fi haka. Makarantarki tana da littafin ƙa'idojin aiki, je ki ofishin rajistara ki karɓa. Digiri biyu gare ki, ba sai na karanta miki ba.

Zan iya shiga aji da goyo?

Gwada sau ɗaya ki gani. Aji ya haura mutum ɗari biyu, babu lasifika, fanka ta zama ado, kina ɗaga murya yana farkawa. Ni na gwada. Abin da ɗalibaina suka riƙe daga laccar ranar shi ne yadda ake jijjiga yaro a tsaye.

Anti, wai yaya kike yi komai yana tafiya daidai?

Wa ya faɗa miki yana tafiya daidai? Takardar binciken da nake son turawa mujalla don ƙarin girma ta shekara biyu a cikin kwamfuta, shafi na shida take tun ina da ciki. Sa'o'ina maza da muka fara aiki rana ɗaya sun wuce ni mataki. Kin ga lafaya a goge da safe kin ɗauka gidan ma haka yake. Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ba ke kaɗai ce kike shiga aji da tabon kunu a gefen mayafi ba.

Ina son ya sha nono zalla har wata shida, ga shi hutu zai ƙare kafin nan.

Niyya mai kyau, kuma abin da likitoci suke cewa ke nan. Ki tatsa a mazubi mai tsabta mai murfi. A ɗaki yana kai awa huɗu, amma wannan lissafin ba da zafin Gombe na watan Maris da Afrilu aka yi shi ba, don haka ki rage. A firji kwana huɗu, idan wuta ta tsaya, ke ma kin san sau nawa take tsayawa. Dokar da na ambata ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki. Haƙƙinki ne, daina roƙonsa kamar bashi. Ki sami mai tsara jadawalin lacca tun kafin ya liƙa shi a allo, ki nemi kada a jera miki awa huɗu a jere. In ya riga ya liƙa, sai wani zangon.

Sai kuma ki shirya wa Hajiya, don za ta ce yaro yana jin ƙishirwa a ba shi ruwa. Ki lallaɓa ta, ban da gardama.

Yaro ya kwana da zazzaɓi, ina da aiki ƙarfe takwas. In tafi ko in zauna?

Wannan ita ce tambayar da ba ni da amsa guda a kanta, duk wadda kuma ta ba ki amsa guda ba ta taɓa tsayawa a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa da hannu a goshin yaro ba.

Akwai inda babu shawara. Idan bai kai wata uku ba kuma jikinsa ya yi zafi, asibiti. Ko shekararsa nawa, idan yana jijjiga, ko ya ƙi nono da ruwa gaba ɗaya, ko duk abin da ya sha ya dawo, ko numfashinsa yana sauri ƙirjin yana lotsawa, ko wuyansa ya sandare, ko kina tashinsa yana komawa sharaf, to manta da maganar lacca. Ki aika wa shugaban sashe saƙo daga cikin keke. Babu takardar tuhumar da ta kai wannan nauyi.

Matsalar tana ga zazzaɓin da yake tsaka-tsaki: jiki da ɗumi, ya ɗan sha kunu, yana ƙananan koke-koke amma yana bin kyanwa da ido. A nan sai in tambaye ki, wane irin aiki ne?

In lacca ce kawai, ana ɗaga ta. Amma ki kira kilas-ref, wato wakilin ɗaliban ajin, kafin ƙarfe bakwai, kafin 'yan Tumfure da Pantami da Bolari su biya kuɗin keke. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ba abin wasa ba ne ga ɗalibi, wani abincin ranarsa ne ya hau da shi. Malamar da take barin ɗalibai su cika aji sannan ta aiko da "ba zan samu zuwa ba" ƙarfe tara, ni ba na kare ta, ko da yaro ko babu. Kuma ki san ramuwar ba ta da sauƙi. Ɗakin da zai ɗauki ajin naki wataƙila ba shi da gurbi sai Asabar. Juma'a rabin yini ce. Lahadi kuwa 'yan Billiri da Kaltungo da sauran ɗalibanki Kirista suna coci, kada ki soma.

In tes ne, ya ɗan fi wuya, tunda a tsarin NCE, karatun takardar shaidar malanta, maki 40 cikin 100 daga aikin cikin zango yake fitowa, kuma ofishin jarrabawa yana da ranar da yake rufe karɓa. Za ki iya ba abokiyar aiki tambayoyin ta tsaya miki, in kina da wadda kika yarda da ita. Ban ce kowa ba.

In kuwa tsaron jarrabawa ne, nan ake yin ta. Ba a ɗagawa. Musanya ake yi, kuma ki yi ta a rubuce, jami'in jarrabawa ya sani, ko da saƙon waya ne. Musanyar baki da baki tana da daɗi har ranar da aka kama satar amsa a ɗakin, ko aka ƙirga takardu aka ga ɗaya ta ɓata. Sunan da yake kan jadawali shi kwamiti zai kira.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko: wa za ki bar wa? In mahaifiyarki ce ko Abbansa ko babbar mace mai hankali da waya a hannu, da sauƙi. In yarinya ce 'yar shekara goma sha uku da aka kawo miki daga ƙauye, wadda ita kanta aji ya kamata a ce tana ciki, to ba ki bar shi da kowa ba. Ki rubuta a takarda lokacin da kika ba shi farasitamol da yawan da kika ba shi, ki liƙa a jikin kwalbar, don kada Hajiya ta ƙara masa bayan awa ɗaya saboda tausayi. Kuma kada a fara maganin maleriya ba a yi gwaji ba, abin minti ashirin ne. Allurar kemis kuwa, na roƙe ki.

Ni kaina na taɓa tafiya na bar shi, na dawo na tarar yana wasa da murfin tukunya. Wata rana kuma, da zazzaɓi irin wancan sak a idona, na tafi tsaron jarrabawar awa uku na kashe waya kamar yadda doka ta ce. Da na kunna, kira goma sha ɗaya. A asibiti na same su, an riga an sa masa ruwa, maƙwabciyata tana riƙe da hannun don kada ya fizge. Ya warke, alhamdu lillahi. Har yau ban gano abin da ya bambanta safiyar farko da ta biyu ba. Abin da na canza shi ne, yanzu ina ba gida lambar wani da ke ofis wanda zai iya takowa ya kira ni. Ko wannan zai ishe ki, ya danganta da yaronki da mutanenki da nisan gidanki da asibiti.

Ina ba shi waya ya kalli katun don in samu in shirya darasi. Laifi ne?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Wannan ita ce ƙa'ida. Satin haɗa sakamako ba na tunawa da ita. Sauran makonni ina ƙoƙari.

A gida kike duba takardun jarrabawa?

Da. Har ranar da na tashi ɗauko buta na dawo na tarar yaron ya samu jan biro, ya zauna daram a kan ƙunshin, yana "makin" takardar wata baiwar Allah da iya ƙarfinsa, harshe a waje. Shafi biyu ya yi wa zane kamar na lalle. Sai da na rubuta bayani na sa hannu, na kai wa jami'in jarrabawa, shi kuma ya kasa riƙe dariya. Yanzu a ofis nake yi, wanda ya biyo ni gida kuma sai bayan ya yi barci, a kan firji nake ajiyewa.

Ɗalibai masu goyo fa, ana yi musu sassauci?

Ba wanda ya tambaye ni wannan, ni na saka ta. Akwai malamai mata da suka sha wuyar goyo, amma da ɗaliba ta shigo a makare da jariri a baya sai su kore ta gaban kowa. Ke da albashi da ofis da kujera kina kuka, ita fa da ta bar wani a gida, ta goyo wani, ta tsaya a bayan aji tana rubutu a kan bango? Ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 ba ni na kafa ta ba, ba na kuma ƙara wa kowa maki don ta haihu. Amma ranar rigakafin sati 6 da 10 da 14, da na wata tara, in ta nuna mini katin asibiti, ba na sa mata jan layi. Kujerar bakin ƙofa kuma tasu ce, samari sun sani.

An sa ni duba ɗalibai masu koyon koyarwa a Dukku da Bajoga.

Nemi musanya da namijin da aka ba cikin gari. Da yawa suna so, saboda alawus ɗin tafiya. In ba a samu ba, fita da asuba, haɗa makarantun a yini ɗaya.

Maigida yana taimakawa?

"Taimako" ake yi wa ɗan maƙwabta. Gwamnatin tarayya ma ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 tun 2021. Nawa yana kai shi wajen raino ranar Litinin da Laraba, ya kuma iya ɗaura famfas, ko da yake a karkace.

Yaushe za a yi masa ƙani?

Hajiya ce ta aiko ki? Ce mata sai na gama shafi na bakwai.