Papingo, ƙauyen da fatake suka gina a bayan dutse

A ina Papingo take?

Tana arewa maso yammacin Girka, a yankin Epirus, dab da iyakar Albaniya. Ƙauyuka biyu ne, Babbar Papingo da Ƙaramar Papingo, a gindin duwatsun Astraka, kusan mita 1,000 sama da teku. Suna cikin ƙauyuka 46 na ƙasar Zagori, sunan da ke nufin "bayan dutse". Birnin da ya fi kusa shi ne Yanina.

Me ya sa komai na dutse ne?

Shi Allah ya hore musu. Bango dutse, hanya dutse, rufin ma faifan dutse ne aka jera. Daga nesa sai ka rasa inda gida ya ƙare tsauni ya fara.

To ina mutanen ƙauye suka samu kuɗin irin wannan gini?

Wannan ne abin da ya fi burge ni. Ƙasar ba ta noma sosai. A zamanin Daular Usmaniyya mutanen Zagori sun samu sassauci, suna gudanar da harkokinsu da kansu. Sai mazajensu suka riƙa fita fatauci zuwa Istanbul, Romaniya da Rasha, wani ya yi shekaru bai leƙo gida ba. Mata su ke riƙe da gida da dabbobi. Wanda ya samu kuma ba ya mantuwa: ya gina makaranta, ko coci, ko gada. Gadojin dutse da ke kan rafukan Zagori yawanci suna ɗauke da sunan wanda ya biya kuɗinsu, kamar gadar Noutsos ta 1750.

Kwazazzabon Vikos fa?

Yana nan kusa, zurfinsa ya kai kimanin mita 900, kuma daga ƙasansa kogin Voidomatis ke ɓulɓulowa, ruwa garau mai sanyi. A da akwai masu maganin gargajiya da suka yi suna da tsirran wurin. An mayar da yankin gandun daji na ƙasa a 1973.

Yau su wa ke zaune a can?

Kaɗan ne. Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin basasar da ya biyo baya sun watsa jama'a, matasa suka bi birane. Yanzu masu yawon buɗe ido ke raya ƙauyen, tsofaffin gidaje da dama sun koma masauki. A 2023 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka Zagori cikin wuraren tarihi na duniya.