Bin Diddigin Asali ta Hanyar Hoto da Zane a Kaduna

Bin diddigin asali ta hanyar hoto da zane fanni ne na fasaha wanda mai ɗaukar hoto ko mai zane yake amfani da tsofaffin hotunan gida, tufafi, tsagar fuska da kayan gado domin ya nuna inda iyaye da kakanninsa suka fito. An fi ganinsa wurin waɗanda jininsu ya haɗa ƙabila fiye da ɗaya, ko waɗanda suka tashi nesa da garin kakanninsu. A Kaduna irin waɗannan mutane suna da yawan gaske, kuma tarihin garin ne ya kawo haka.

Tushen cakuɗuwar

Kaduna ƙasar Gbagyi ce tun kafin zuwan Turawa. A 1917 ta zama hedikwatar Arewa bayan an taso daga Zungeru, sai sojoji, ma'aikatan jirgin ƙasa, akawuna da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa. Buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957 ya ƙara janyo ma'aikata daga ko'ina. Hausawa, Fulani, Nupawa, Yarabawa, Barebari, Ibo, Bajju, Atyap da Ham suka zauna kusa da juna, aka yi auratayya. Sunan unguwa irin Tudun Nupawa shaida ce. Shi ya sa ake samun gidan da Hausa kaɗai 'ya'ya suke ji, alhali kakar wajen uwa Banufiya ce, kakan wajen uba kuwa daga Ilori ya zo.

Masu zanen Zariya

A 1958 wasu ɗalibai a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce mai zane ya riƙe dabarun da ya koya wurin Turawa, amma ya koma gida ya ɗebo abin da zai zana. Rayuwar Okeke kanta misali ce: ɗan ƙabilar Ibo ne da ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, sannan ya koma ga zanen uli, wanda matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya mai da shi ginshiƙin aikinsa. Bayansu aka yi Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946, iyayensa Yarabawa, ya koyar a Zariya har rasuwarsa a 1995. Da yawa daga cikin masu zanen da suke aiki a Kaduna a yau sun sha daga wannan rijiya, kai tsaye ko ta hannun malamansu.

Yadda ake karanta hoton gida

Babban abin aiki shi ne hoton da aka ɗauka a shagon mai hoto ranar sallah, biki ko suna, wanda ya kwana shekaru cikin akwati ko adakar tsohuwa. Mai bincike yakan fara da fuska. Tsagar da wanzami ya yi tana iya nuna Bagobiri ne, Babarbare ko Bayarabe, kuma da yake al'adar tana ƙarewa, har dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana ta, hoton ya zama wurin da ta rage. Daga nan sai ɗaurin ɗankwali, kitso, ɗinkin hula, aikin wuyan riga, da hatimin shagon da ke bayan hoton, wanda sau da yawa yake faɗin garin da aka ɗauke shi. Sai a kai wa dattijuwar gidan ta faɗi sunaye. Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, domin idan ta rasu, hoton ya zama na baƙi.

Wasu sukan sake ɗaukar jika a irin zaman da kakarsa ta yi, cikin irin kayanta. Wasu sukan yanka kwafen hotuna su liƙa su a kan atamfa, saƙi ko zanen dagi irin na ginin Zariya. Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Inugu mai zama a Amurka, ta yi suna da dabarar mayar da hotunan danginta kan takardar zanenta.

Ma'adanan tarihi da giɓinsu

Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna Ahmadu Bello, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna suna riƙe da takardu da hotunan zamanin Turawa da na gwamnatin Jihar Arewa. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu yana da gumakan yumɓu na Nok, waɗanda masu zane daga kudancin jihar suke ɗauka a matsayin gadonsu. Sai dai hotunan hukuma sun fi kula da sarakuna, gwamnoni da hawan daba. Talaka idan ya fito, yawanci ba a rubuta sunansa.

Giɓin da ya fi ciwo yana cikin gida. A gidajen da ake kulle, ko inda ake ƙyamar hoto saboda addini, mata da yawa sun rayu sun rasu ba a taɓa ɗaukarsu ba, ga shi kuwa cakuɗuwar jini sau da yawa ta wajen uwa take shigowa. A nan masu zane sukan koma ga abin da ta bari: tasoshin jere, zanen aure, tsakiya, murjani. Rikice-rikicen 2000 da 2002 ma sun ci hotuna masu yawa a gidajen da aka ƙona, suka kuma raba mazauna garin zuwa arewa da kudancin kogin Kaduna. Hoton aji ko na 'yan ƙwallon unguwa daga shekarun 1980 yana nuna zaman haɗaka da matasan yau ba su tarar ba.

Baje kolin irin waɗannan ayyuka ya samu fili a Instagram da Facebook. Muhawarar da ake yi ita ce ta izini, domin hoton kaka na dangi ne gaba ɗaya, kuma akwai gidajen da ba sa yarda a nuna fuskar matansu a bainar jama'a ko bayan rasuwarsu.