Ma'anar Ɗaura Faifai da Kwance Shi a Kwamfuta

Masu shagunan buga takardu da cike fom a Ringim da Gumel da ƙauyukan da ke kewaye da su suna jona filashi ko faifan ajiya na waje kusan kullum, amma ba kowa ya san cewa tsakanin jonawa da bayyanar fayiloli akwai wani aiki da kwamfuta ke yi a ɓoye ba. Wannan aiki shi ne ɗaura faifai, wato manhajar gudanarwa ta gano tsarin da aka rubuta faifan da shi, sannan ta ba faifan wuri sananne inda sauran manhajoji za su same shi su karanta ko su rubuta. A Windows wurin harafi ne, kamar D: ko E:. A Linux babu haruffa, sai dai a zaɓi wata jaka, wato folda, misali /mnt/ajiya, a ɗaura sashen faifan a kanta da umarnin mount, a kwance shi da umount, wanda haka ake rubuta shi ba tare da harafin n bayan u ba. Kwamfutocin Apple suna da diskutil, kuma faifan yakan bayyana a ƙarƙashin /Volumes.

Kwancewa ita ce inda aka fi yin sakaci. Idan mutum ya kwafi fayil, kwamfuta ba lallai ta rubuta shi a faifan nan take ba, takan riƙe wani ɓangare a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi domin sauri, kamar ɗan kasuwar da ke riƙe bashin yini a ka sai da yamma ya shigar a littafi. Umarnin kwancewa yana tilasta mata ta sauke duk abin da ta riƙe kafin ta saki faifan. In aka fizge filashi ko batirin sola ya ƙare kafin haka, fayil na iya lalacewa, wani lokaci har da teburin da ke nuna inda kowane fayil yake. Abin ya fi muni a FAT32 da exFAT, tsarin da yawancin filashi ke zuwa da shi, domin ba su da kundin bibiyar canje-canje irin na tsarin NTFS na Windows da ext4 na Linux da ke taimakawa wajen farfaɗowa.

Sa na'ura ta yi wannan da kanta ba wuya. A Linux akwai fayil mai suna /etc/fstab inda ake jera faifan da za a ɗaura idan an kunna kwamfuta, kuma ya kamata a ambaci kowanne da lambarsa ta UUID, wato lambar shaidarsa da ba ta sauyawa ko an sauya wurin jonawa, wadda umarnin blkid ke nunawa, domin suna irin /dev/sdb1 yana iya komawa kan wani faifan idan an sauya jerin jonawa. Ga faifan waje a ƙara kalmar nofail, in ba haka ba ranar da aka manta shi a gida kwamfutar na iya tsayawa a hanya tana nemansa.

A ganina abin da ya fi dacewa da makarantar ƙauye ko ƙaramin shago shi ne rubutaccen jerin umarni, wanda masu harkar ke kira sikirif, da zai ɗaura faifan ajiya a lokacin da aka tsara ta hanyar cron, manhajar da ke gudanar da aiki a kan lokaci, ya kwafi sakamakon ɗalibai ko takardun kwastomomi da umarnin kwafi na rsync, sannan ya kwance shi. Faifan da ke kwance yaron shago ba zai goge abin da ke cikinsa bisa kuskure ba, kuma ɗaukewar wuta ba ta cika yi masa illa ba. Inda sola ake dogaro da ita, gara a sa lokacin da rana tsaka maimakon dare, ko da yake an saba yin irin wannan aiki cikin dare a wuraren da wuta ba ta yankewa.

Akwai tarko guda da ya kamata duk mai rubuta irin wannan jeri ya sani. Jakar da ake ɗaurawa a kanta tana nan ko faifan ya ɗauru ko bai ɗauru ba, saboda haka idan ɗaurawar ta gaza kuma jerin ya ci gaba, zai zuba komai a cikin babban faifan kwamfutar, mai shago yana ganin yana da ajiya alhali ba shi da ita, har wurin ya cika. Maganinsa shi ne a sa jerin ya fara tambaya da umarnin mountpoint ko faifan ya ɗauru, in amsar ba ta tabbatar ba ya tsaya ya rubuta dalili a wani fayil da za a duba. Haka nan kwancewa takan ƙi idan wata manhaja tana riƙe da fayil a faifan, kuma umarnin lsof ko fuser ne ke nuna wadda ke riƙe da shi, sai a rufe ta a sake gwadawa kafin a zare waya.