Rahoton likitan ƙwaƙwalwa wajen ɗaukaka ƙarar tallafin naƙasa: tambayoyi da amsoshi

Mutum ya nemi tallafin naƙasa saboda ciwon damuwa, ko fargaba mai tsanani, ko wata lalurar ƙwaƙwalwa, sai hukuma ta ce bai cancanta ba. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka rage masa ita ce ɗaukaka ƙara, kuma a nan ne rahoton likita ke yin tasiri. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka misalan da ke ƙasa daga tsarin Amurka da na Birtaniya aka ɗauko su.

Likita ya riga ya tabbatar ina da ciwon. To me ya sa aka hana ni?

Saboda ba sunan ciwon hukuma ke dubawa ba, abin da ciwon ya hana ka yi take dubawa. Za ka ga mutum biyu masu ciwon damuwa iri ɗaya, ɗaya yana zuwa aiki kullum yana shan maganinsa, ɗayan kuma sai ya yi mako bai iya fitowa daga ɗaki ba. A Amurka, hukumar Social Security, mai kula da tallafin naƙasa, tana son hujjar cewa lalurar ta kai wata 12, ko ana sa ran za ta kai, sannan tana auna fannoni 4: fahimta da riƙe bayani, mu'amala da mutane, mayar da hankali kan aiki har a gama shi a kan lokaci, da iya kula da kai idan yanayi ya canza. A Birtaniya kuwa, tallafin naƙasa mai suna PIP, da aka fara a 2013, da maki ake auna cancantarsa: maki 8 na ƙaramin tallafi, 12 na babban tallafi. Takardar da ta ce "yana fama da ciwon damuwa" kawai ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wurin wa ya kamata in je?

Wanda ya daɗe yana duba ka, likitan ƙwaƙwalwa ne ko masanin halayyar ɗan'adam mai lasisi. Wanda ya gan ka sau da yawa ya san ranakun da ka samu sauƙi da waɗanda abin ya tashi. Bayanin mai ba da shawara, ko ma'aikacin jinya, ko ɗan'uwan da ke kula da kai yana ƙara ƙarfi, amma a haɗa shi da na likita.

Me ya kamata rahoton ya ƙunsa?

Sunan ciwon da lokacin da ya fara, magungunan da aka gwada da yadda suka yi, da illarsu. Wannan na ƙarshe mutane kan manta da shi, alhali maganin da ke sa mutum barci har hantsi shi ma cikas ne ga aiki. Sai abin da likita ya gani da idonsa: yanayin magana, tsaftar jiki, ko tunani na tafiya daidai, ko mantuwa ta yi yawa.

Amma kashin bayan rahoton shi ne bayanin abin da mutum ke iya yi da wanda ba ya iyawa. Minti nawa mutum ke iya tsayawa kan abu guda kafin hankalinsa ya watse? Kwana nawa a wata ciwon zai hana shi fita? Idan shugaba ya yi masa gyara, jurewa yake ko rikicewa? Yana iya shiga motar haya shi kaɗai zuwa wurin da bai sani ba? Dokar PIP ma ta fayyace cewa ba a ɗaukar mutum a matsayin mai iya abu sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a kai a kai, kuma cikin lokacin da ya dace. Wanda ya dafa abinci yau, sannan ya kasa taɓa tukunya har kwana huɗu, bai cika wannan sharaɗi ba.

Akwai abin da ya kamata likita ya guje wa, wato ya rubuta "wannan mutum ba zai iya aiki ba" ya tsaya nan. Hukuma na ganin wannan hukunci nata ne. Kuma a Amurka, duk buƙatar da aka shigar daga 27 ga Maris 2017, ba a fifita ra'ayin likitanka don kawai shi ke duba ka. Ana duba ko ya kawo hujja, da kuma ko maganarsa ta yi daidai da sauran abin da ke cikin fayil.

Takardun tambayoyi da ake cikewa a asibiti fa?

Suna da amfani. PHQ-9 tambayoyi 9 ne kan damuwa, makinsa daga 0 zuwa 27, GAD-7 kuma na fargaba ne, daga 0 zuwa 21. Sakamakon rana ɗaya ba ya nuna abu mai yawa. Jerin sakamako na watanni, wanda ya nuna ciwon bai sauka ba duk da magani, shi ke magana.

Yaya zan yi bayani ranar ganin likita?

Nan ne da yawa ke cutar da kansu. Likita ya ce yaya jiki, baki ya saba, sai a ce da sauƙi. Shi kuma ya rubuta hakan, kuma wannan rubutun ne za a karanta a zaman ƙara. Kunya ce ko dauriya, duk sakamakon ɗaya ne. Ka faɗi yadda mako ke tafiya gaba ɗayansa, mai daɗi da marar daɗi. In kana mantuwa, rubuta abubuwan kafin ka je, ko ka tafi da wanda ke zaune da kai. Ƙarin gishiri kuma ya fi shiru illa, domin da zarar an ga saɓani a wuri guda, sai a fara shakkar sauran maganarka. In tunanin cutar da kanka na zuwa maka, ka faɗa wa likita a ranar, kada ka jira maganar ƙara.

Idan hukuma ta tura ni wurin nata likitan?

Ka je. A Amurka hukumar ce ke biyan kuɗin wannan gwaji, kuma ƙin zuwa ba tare da dalili ba na iya sa a ƙi buƙatarka. Ganawa ce ta sau ɗaya da wanda bai san ka ba, shi ya sa bai kamata ta zama ita kaɗai ce hujjar da ke cikin fayil ɗinka ba.

Lokaci nawa nake da shi?

A Amurka kwana 60 ne daga samun takardar hukunci, kuma a matakin alƙali ana son hujjoji su isa aƙalla ranakun aiki 5 kafin zama. A Birtaniya wata 1 ne don neman a sake duba hukuncin, kafin a wuce gaban kotun sauraren ƙara. Kada ka jira rahoto ya fito kafin ka shigar da ƙara. Shigar da ita tukuna, ka sanar cewa ƙarin hujja na tafe.

Idan likitana ya ce ba ya rubuta irin wannan rahoto?

Yana faruwa, wasu saboda aiki ya yi musu yawa, wasu kuma sai an biya. Nemi kwafin fayil ɗinka na asibiti, domin bayanan da aka rubuta a kowace ziyara hujja ce da kansu. Sannan ka kai masa takardar da aka hana ka da ita, tare da gajerun tambayoyi kan dalilan da hukuma ta bayar. Likitan da ya ƙi zama ya rubuta dogon rahoto sau da yawa yakan yarda ya amsa tambayoyi na shafi ɗaya ya sa hannu.