Dokar da ta sa ake katse shafinka da gangan idan wa'adin sunansa ya ƙare

A ce mai sayar da atamfa ya wayi gari masu ciniki na ta kiransa: shafinka ba ya buɗewa, saƙon imel da muka tura ma ya dawo. Ya bincika, kwamfutar da ke ɗauke da shafin lafiyarta lau, hotuna da farashi duk suna nan. Igiyar da ke ɗaure sunan shafin da lambarsa ce aka tsinke. Idan kuɗin rajistar sunan ne bai biya ba, to ba mugunta aka yi masa ba. Doka ce ta ce a tsinke.

Ba za a gane dokar ba sai an san igiyar. Kwamfuta ba ta jin suna, lamba take ji. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshin IP, wanda a tsohon tsari lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kamar 8.8.8.8 na Google. A farkon zamani, fayil guda ne ake rubuta sunayen kwamfutoci da lambobinsu a ciki, wata cibiyar bincike a California take kula da shi, kowa ya je ya kwafa. Da kwamfutoci suka yi yawa abin ya gagara, sai Paul Mockapetris ya fito da DNS a 1983, wato tsarin nemo lambar na'ura daga sunanta, wanda har yau shi ake bi.

Idan ka rubuta sunan shafi a wayarka, wayar takan tura wata na'ura 'yar aike, galibi ta kamfanin layinka, ta nemo lambar. 'Yar aiken takan fara da tushe, wato na'urorin da ke saman tsarin duka, masu adireshi 13 a hannun hukumomi 12. Tushe bai san shafinka ba, iyakarsa ya nuna wanda ke riƙe da kundin .com, wato kamfanin Verisign. Kundin ma bai san lambar ba, sai dai ya faɗi na'urar da mai sunan ya wakilta ta riƙa amsawa a madadinsa. A nan ake samun lambar. Duk wannan zirga-zirga kafin ƙiftawar ido ne, kuma 'yar aiken takan riƙe amsar na wani lokaci don kada ta yi ta komawa. Shi ya sa idan an katse shafi, wani zai ce yana buɗe masa, maƙwabcinsa ya rantse ba ya buɗewa, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

Suna dai haya ake bayarwa, daga shekara ɗaya zuwa goma a lokaci guda, ta hannun kamfanonin rajista, waɗanda dillalai ne tsakaninka da mai kundi. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 mai hedikwata a Los Angeles, ita ke shimfiɗa musu ƙa'ida a kan sunaye irin su .com da .net da .org. Ƙa'idar da ta shafi ƙarewar wa'adi ana kiranta ERRP, ta fara aiki ranar 31 ga Agusta, 2013. Ba majalisa ce ta yi ta ba. Ƙarfinta yana cikin yarjejeniyar da kowane dillali ya sa wa hannu, wanda ya karya ta kuwa yana iya rasa lasisinsa.

Farkon abin da ta wajabta shi ne tuni. Dole dillali ya aiko da sanarwa biyu kafin ranar ƙarewa, ɗaya saura kamar wata guda, ɗaya saura kamar mako guda. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, ya ƙara ta uku cikin kwana biyar, da bayanin yadda ake sabuntawa. Dole kuma farashin sabuntawa da na fansa su kasance a bayyane a shafinsa.

Sai maganar katsewa, wadda a ganina ita ce mafi hikima a dokar duka. Waɗanda suka tsara ta sun san halin mutane: saƙon tuni yakan ɓace cikin tarkacen imel, ko ya tafi adireshin da aka daina buɗewa tun bara. Amma babu mai shafin da zai kwana bai san shafinsa ya mutu ba. Saboda haka aka ce, bayan wa'adi ya ƙare, dole dillali ya karkatar da hanyar da sunan ke bi zuwa lambarsa na tsawon aƙalla kwana takwas a jere, su ne kwanakin ƙarshe da mai sunan ke da damar sabuntawa. Idan ya juya baƙi zuwa wani shafi nasa, dole a rubuta ƙarara cewa wa'adin sunan ya ƙare, ga kuma yadda ake biya. Da ka biya, wajibi ne ya mayar da hanyar yadda take ba tare da jan ƙafa ba. Kamar mai gidan haya ne ya sa wa shago kwaɗo don ɗan haya ya zo, maimakon ya yi shiru ya ba wani. Mantuwar kuma ba ta ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ba ce. A Disamba 1999 Microsoft ya manta bai sabunta passport.com ba, sunan da ake bi a shiga imel ɗinsa na Hotmail, sai masu Hotmail suka kasa shiga akwatunansu, har wani bawan Allah da ba ma'aikacinsu ba ya biya musu dala 35.

Idan har yanzu shiru, dillali na iya riƙe sunan zuwa kwana 45 kafin ya goge shi, amma ba dole ne ya kai haka ba. Bayan gogewa akwai kwana 30 na fansa. A cikinsu mai kundi da kansa ke cire sunan daga DNS, ba ya kai kowa ko'ina, ba a kuma canja masa dillali. Mai shi na iya fansarsa, sai dai kuɗin yakan ninka na sabuntawa sau da yawa. Daga nan kwana biyar na jiran shafewa, lokacin da alƙalami ya riga ya bushe. Suna cika, sunan ya koma kasuwa, wanda ya riga shi ne mai shi.

Akwai rami a nan da ya kamata a sani. Fansa ba ta farawa sai an goge suna, wasu dillalai kuwa sun rubuta a yarjejeniyarsu cewa suna iya yin gwanjonsa kafin a kai ga gogewa. Idan wani ya saya a gwanjon, kwana 30 ɗin nan babu su. Wanda ya dogara da lissafin kwana 80, wato 45 da 30 da biyar ɗin nan, yana iya tarar da sunansa a hannun wani tun bai yi rabi ba.

Dokar tana kare wanda sunansa ke kan rajista ranar da wa'adi ya ƙare. Idan yaron da ya gina maka shafi ya yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, shi ake yi wa tuni, shi ke da haƙƙin fansa, kai kuwa a wajen dillali baƙo ne. Sunayen ƙasashe kuma, irin .ng na Najeriya da ke hannun ƙungiyar NiRA ko .ne na Nijar, ba sa ƙarƙashin wannan doka, kowace ƙasa da nata tsarin.

Ranar ƙarewar sunan .com ba sirri ba ce. Ka shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan, za ka ga ranar, da dillalin, da halin da yake ciki. Idan ka ga redemptionPeriod, kana cikin kwanakin fansa, ka nemi dillalin yau. Idan dillalin ya ƙi bin ƙa'ida, ICANN na karɓar ƙorafi a shafinta kyauta.